Daraktocin fina-finan ban tsoro da masoyansu a arewacin Kamaru da Chadi

Fim ɗin ban tsoro, wanda matasa kan kira fim ɗin horo ko fim ɗin aljanu, fim ne da ake shiryawa musamman don tsigar jikin mai kallo ta tashi, ko dai da fatalwa, ko aljani, ko maye, ko makashi, ko gawar da ta ƙi kwanciya a kabari. A cikin nau'o'in fim, a nan ne mai ba da umarni, wato darakta, ya fi yawan shan gaban jarumi a wajen suna. Masoya wannan fanni kan bi darakta daga fim zuwa fim, kuma abin da suka fi daraja bayan fim ɗin kansa shi ne doguwar hirar da zai zauna ya warware yadda ya ƙulla abin. Al'adar ta kafu a Faransa da Amurka a tsakiyar ƙarni na 20. Ga Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusiri da Njamena kuwa, fina-finan sun riga sunayen masu yin su isowa da shekaru masu yawa.

Dalilin fifikon darakta

Galibin fina-finan ban tsoro da suka yi suna da kuɗi kaɗan aka yi su, da 'yan wasan da ba a sani ba. Ko ɗan wasan ya ƙware, sau da yawa kafin a kai rabin fim an kashe shi, dodon kuma fuskarsa a rufe take. Abin da ke wanzuwa daga wannan fim zuwa wancan shi ne hannun wanda ya tsara: inda ya ajiye kyamara, tsawon shirun da ya bari kafin ƙara, abin da ya nuna da abin da ya hana ido gani. Shi ya sa ake cewa fim ɗin Carpenter ko fim ɗin Argento, kamar yadda mai kallon Kannywood zai kira fim da sunan jarumin da ya fito a ciki.

Tun zamanin fim marar magana haka abin ya faro. F. W. Murnau ya yi Nosferatu a Jamus a 1922. A 1931 Tod Browning ya fitar da Dracula, James Whale ya fitar da Frankenstein, duka a kamfanin Universal na Amurka. Amma sunayen da masoya suka fi riƙewa na waɗanda suka zo daga baya ne: George Romero da Night of the Living Dead a 1968, William Friedkin da The Exorcist a 1973, Tobe Hooper da The Texas Chain Saw Massacre a 1974, Dario Argento na Italiya da Suspiria a 1977, John Carpenter da Halloween a 1978, Wes Craven da A Nightmare on Elm Street a 1984, sai Hideo Nakata na Japan da Ringu a 1998.

Asalin doguwar hira

Mujallar Cahiers du cinéma, wadda aka kafa a Paris a 1951, ita ta yayata ra'ayin cewa darakta shi ne mai fim, kamar yadda marubuci yake mai littafi. Ɗaya daga cikin marubutanta, François Truffaut, ya tafi Amurka a watan Agusta na 1962 ya zauna da Alfred Hitchcock kimanin mako guda, Helen Scott tana yi musu tafinta, suna bin fina-finansa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin masu sharhi a Amurka suna yi wa Hitchcock kallon mai nishaɗantar da jama'a kawai. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1966 ya sauya wannan kallo, ya kuma zama abin koyi ga duk mai son yi wa darakta tambayoyi na haƙiƙa.

A cikin hirar ne Hitchcock ya ba da misalin da har yau ake karantarwa. Mutum biyu suna zaune suna hira, akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. Idan mai kallo bai sani ba, bam ya tashi, zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Idan kuwa an nuna masa lokacin da aka dasa bam ɗin, ga agogo a bango yana tafiya, to hirar banzan da suke yi ta zama azaba, mai kallo zai yi minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku, yana ji kamar ya daka musu tsawa su tashi. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare tana tatsuniyar Dodo ya san wannan dabara: yara sun san Dodo yana bakin rafi tun kafin yarinyar ta ɗauki tulu, kuma sanin nan ne ke sa su matsowa jikin juna.

A ɓangaren masoya kuma mujallu ne suka riƙe al'adar. Forrest Ackerman ya fara Famous Monsters of Filmland a Amurka a 1958, Fangoria ta biyo a 1979. A Faransa akwai L'Écran fantastique tun 1969 da Mad Movies tun 1972. Bukukuwan fim irin na Sitges a Sifaniya, wanda aka fara a 1968, da na Avoriaz a Faransa daga 1973 zuwa 1993, wanda na Gérardmer ya gaje shi, sun ba masoya damar ganin daraktoci ido da ido. Zuwan faifan DVD ya ƙaro wani abu: darakta yana magana a kan fim ɗinsa daga farko har ƙarshe yayin da hoton ke tafiya. Mick Garris, wanda shi ma darakta ne, ya tara manyan fannin a shirin talabijin na Masters of Horror a 2005, daga baya ya riƙa hira da su a shirinsa na Post Mortem.

Abin da ake ji daga bakinsu

Mafi yawan abin da ke jan masoya ga waɗannan hirarraki labarin rashi ne da dabara. An yi Halloween da dala kusan 300,000. Abin rufe fuskar makashin, wanda ya hana mutane da yawa barci, na roba ne mai siffar ɗan wasa William Shatner, aka saya a kanti da kuɗin da bai kai dala 2 ba, aka fesa masa farin fenti, aka faɗaɗa ramukan idon. Kiɗan kuma Carpenter da kansa ya haɗa. Sam Raimi, da yake yin The Evil Dead wanda ya fito a 1981, ba shi da kuɗin na'urar da ke tafiya da kyamara sumul, sai aka ɗaure ta a kan katako, mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suka ruga cikin daji. Hoton da aka samu shi ne mugun iskan da ke bin mutane a guje. Friedkin kuwa sanyaya ɗakin ɗaukar hoto ya sa aka yi har numfashin 'yan wasa yana fita kamar hayaƙi. Jinin da ya gangara a banɗaki cikin Psycho na Hitchcock na 1960 ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi-da-fari ne. Hitchcock ya gaya wa Truffaut cewa wannan fitowa mai daƙiƙa 45 ta ci kwana 7 ana ɗauka.

Akwai kuma tambayar inda tsoron ya fito. Craven ya sha faɗin cewa labaran jarida ne suka ba shi tunanin makashin da ke zuwa cikin mafarki, labaran wasu 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya da suka riƙa mutuwa cikin barci a Amurka. Romero kuma an fi tambayarsa dalilin da ya sa baƙar fata, Duane Jones, ya zama jarumin fim ɗinsa a 1968. Amsarsa ba ta sauya ba: shi ne ya fi kowa iya wasa cikin waɗanda suka zo gwaji. Sai dai fim ɗin ya fito a shekarar da aka kashe Martin Luther King, kuma a ƙarshensa fararen fata masu bindiga ne suka harbe jarumin, don haka masu kallo suka karanta abin da ya wuce niyyar mai shi. Jordan Peele, wanda Get Out ɗinsa na 2017 ya ci lambar Oscar ta rubutun labari, ya ɗauki zancen launin fata a fili, da gangan.

Yadda abin ya iso yankin

Garuruwan arewacin Kamaru sun yi gidajen silima, ana nuna fina-finan Indiya da na kaboyi da na 'yan Cana, amma duk sun mutu. A watan Janairun 2009 aka rufe ukun da suka rage a ƙasar baki ɗaya: Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala, Empire a Bafusam. A Chadi ma haka, har Mahamat-Saleh Haroun ya gina fim ɗinsa na Bye Bye Africa na 1999 a kan wannan mutuwa. Sai a 2011 aka sake buɗe silimar Normandie a Njamena. Abin da ya maye gurbin silima shi ne gidan kallo na unguwa: rumfar kwano ko zana, bencina, labule mai kauri a ƙofa, janareta a waje, da allo da aka rubuta fim ɗin yau da alli. A kan allon nan ba a rubuta sunan darakta. Sau da yawa ma ba a kiran fim da sunansa na ainihi, sai dai a ce na macijiyar nan, ko na yarinyar da aljani ya shiga.

Hanyoyi uku ne tsoron ya biyo. Ta Indiya akwai fina-finan macizai irin Nagin na Rajkumar Kohli na 1976, da na 'yan'uwan nan bakwai na gidan Ramsay, waɗanda Tulsi da Shyam ke ba da umarni, sauran suna riƙe da kyamara da sauti da sauran aiki; su ne masu Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Ta kudancin Najeriya akwai fina-finan tsafi da suka biyo bayan Living in Bondage na 1992, wanda Chris Obi Rapu ya ba da umarni. Ta uku ita ce ta fina-finan Amurka da aka juya zuwa Faransanci, a kaset da faifai da tashoshin tauraron ɗan'adam. Yanzu mafi yawa a waya ake kallo: a kai memori shagon masu tura fim, a cika shi da 'yan sefa kaɗan, har da waɗanda aka yi wa fassarar Hausa a Kano.

A nan Bahaushen Garwa ko Njamena da ya yi makarantar boko yake da wata dama da ɗan'uwansa na Kano ba shi da ita. Faransanci yana buɗe masa tsohuwar taskar hirarraki da sharhi, daga littafin Truffaut har zuwa hirarrakin da ake sakawa a YouTube. A gefe guda kuma kunnensa ya saba da hirar 'yan fim da Hausa, ta mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da shirin Kundin Kannywood na Arewa24, da Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa. Sai dai waɗannan sun fi karkata ga rayuwar jarumai da jarumai mata; tambayar dalilin ajiye kyamara a nan ba can ba, ba kasafai ake yinta ba.

Wani bambanci ya fi wannan zurfi. Ga mai kallo a Paris, aljani ƙirƙira ce. Ga wanda ya tashi ana hana shi zama a gindin tsamiya da tsakar rana, ana hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ya kuma ga ana yi wa wata ruƙiyya a unguwarsu, maganar ba ta wasa ba ce. Don haka dodon turawa mai tsoron gicciye da tafarnuwa bai cika kama shi ba, ko da yake The Exorcist da kiran salla ya buɗe, a wani kango na ƙasar Iraƙi. Waɗanda suka fi kusa da abin da ya sani su ne daraktocin ƙasashen Musulmi: Hasan Karacadağ na Turkiyya da jerin Dabbe da ya fara a 2006, Alper Mestçi da jerin Siccin daga 2014, da Joko Anwar na Indonesiya da Pengabdi Setan na 2017. A fina-finansu ana jin karatun Alƙur'ani, ana ganin sammu da malamin ruƙiyya. Wannan kusanci ne kuma ke jawo musu suka daga iyaye da malamai masu ganin bai dace a mayar da al'amarin aljanu abin nishaɗi ba.

Inda hira ke rage gaskiya

Darakta mai ba da labari ne, kuma labarin da aka maimaita shekara 30 yakan yi santsi fiye da yadda abin ya faru. Fifita shi kuma yana danne wasu. Hitchcock da farko ba ya son kiɗa a fitowar banɗakin nan ta Psycho, Bernard Herrmann ne ya saka kukan gogen da kowa ke tunawa. Debra Hill ta rubuta Halloween tare da Carpenter, Daria Nicolodi ta rubuta Suspiria tare da Argento, Tom Savini ne ya ƙera raunuka da gawawwakin Dawn of the Dead na Romero. Har yau ana gardama a kan Poltergeist na 1982, ko Hooper ne ya ja ragamarsa ko Steven Spielberg da ya shirya shi. Tippi Hedren kuma, jarumar The Birds na 1963, ta bayyana cewa an yi kwanaki ana jefa mata tsuntsaye masu rai, ta kuma zargi Hitchcock da cin zarafinta.

Daraktocin gida

Haroun, haifaffen Abeche a 1961, wanda Un homme qui crie ɗinsa ya ci lambar alƙalai a bikin Cannes na 2010, ba mai fim ɗin ban tsoro ba ne. Yaƙi da raunin da ya bari su ne abin da ya fi dubawa. A Kamaru wanda ya fi kusantar fannin shi ne Jean-Pierre Bekolo. Ya taɓo maita cikin raha a Quartier Mozart na 1992, sannan a Les Saignantes na 2005 ya haɗa tsoro da siyasa, inda wasu mata biyu ke fama da gawar wani babban jami'in gwamnati a Yawunde ta shekarar 2025 kamar yadda ya hango ta a lokacin. Fim ɗin ya sha fama da masu tace fina-finai a gida, ya kuma zo na biyu a babbar gasar FESPACO ta Wagadugu a 2007. A Najeriya C. J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 da ɗan abin da ke hannunsa, a wata unguwar talakawa ta Legas, kafin Mami Wata ɗinsa ya ci lambar ɗaukar hoto a bikin Sundance na 2023.