Saɓanin dangi kan jana'iza a Maraɗi

Saɓanin jana'iza shi ne jayayyar da kan tashi tsakanin dangin mamaci kan inda za a binne shi, wanda zai sallace shi, da sadakar da za a yi masa bayan rufewa. A Maraɗi, inda akasarin jama'a Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, irin wannan gardama ba ta da tsawon rai a ranar farko. Shari'a ta so a gaggauta binnewa, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40, don haka wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Abin da ba a warware a cikin waɗannan sa'o'i ba sai ya koma zaman makoki, daga can ya zarce zuwa rabon gado.

Wurin binnewa

Maraɗi gari ne na fatauci da ke kusa da iyakar Najeriya, kuma mutanensa da yawa sukan je neman magani ko kasuwanci Katsina, Kano ko Yamai. Idan ajali ya riski mutum a can, sai dangi su rabu biyu: masu cewa ƙasar Allah ɗaya ce, a rufe shi inda ya cika, da masu cewa a kawo shi gida kusa da iyayensa. Malikiyya ta halatta ɗaukar gawa zuwa wani gari muddin ba za ta lalace ba, ba kuma za a keta mutuncinta ba. Saboda haka kowane ɓangare yana da abin kafa hujja, kuma sau da yawa kuɗin mota ne ke yanke hukunci. Haka ma wanda ya zauna a birni shekaru amma asalinsa ƙauye: matansa da 'ya'yansa suna son maƙabartar gari, 'yan'uwansa suna son gida.

Wanda zai yi salla

Fiƙihu ya tsara wannan dalla-dalla. Muhtasar na Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce wanda mamaci ya yi wasiyya ya sallace shi don kyautata masa zato shi ne a gaba, sai shugaban Musulmi, sai mafi kusa cikin dangin uba, inda ɗa yake gaban uba. Miji ya fi kowa cancantar wanke matarsa, amma a salla danginta na wajen uba suna gabansa. A aikace, dangi kan miƙa wa limamin unguwa. Matsalar ita ce wane limami, idan gida ɗaya yana da masu bin masallatai biyu.

Sadakar uku, bakwai da arba'in

Nan ne rikicin ya fi zafi. Al'ada ita ce a taru a kwana na uku, na bakwai da na arba'in, malamai su yi addu'a, a raba gumba, waina da goro. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa a Maraɗi tun shekarun 1980, musamman tsakanin matasa da 'yan kasuwa, kuma tana kallon waɗannan taruka a matsayin bidi'a. Sai ka ga tsoho ya bar wasiyya a yi masa sadakar arba'in, babban ɗansa ya ce ba a gidansa ba. Ko kuma mamacin ne ya hana, gwaggonninsa suka ce ba za a binne ɗansu kamar marar gata ba. Abin da aka fi gani shi ne sulhu na shiru. Maza su naɗe tabarmin ƙofar gida bayan kwana uku, mata a cikin gida su daka gero su aika wa maƙwabta da almajirai, ba wanda ya kira abin da sunansa.

Akwai kuma gidajen da ke da gadon bori, da waɗanda wani nasu ya shiga Kiristanci, inda ake jayayya kan addinin da za a binne mutum a kansa.

Kuɗi da sasantawa

Daga dukiyar mamaci ake fara cire kuɗin likkafani da kabari, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan gado. A gidan da ke da kishiyoyi, 'yan uba kan zargi wanda ya riƙe hidimar makoki da taɓa haƙƙin marayu, alhali zawarawan suna cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba su da damar bin sawu. Dattawan dangi da liman ne ke fara shiga tsakani, sai mai unguwa ko fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, domin dokar Nijar ta bai wa sarakunan gargajiya ikon sasantawa. Idan ta kai ga kotu, galibi maganar gado ce, kuma alƙali kan zauna da masana al'adar masu ƙarar.