Tarin Fuka Mai Bijire Wa Magani: Wa Ke Bijirewar?

Tun da aka fara maganar sabon haɗin magani na wata shida, ba ka buɗe rediyo ba ka ji an ambaci "tarin fuka mai bijire wa magani" ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayanin da ke biyo baya, wai jikin majiyyaci ne ya saba da magani har ya daina yi masa aiki. Jiki ba ruwansa. Ƙwayar cutar ce ke bijirewa.

A huhun mai tarin akwai ƙwayoyin cuta miliyoyi, kuma ba a rasa 'yan ƙalilan da wani sauyi a halittarsu ya sa magani ɗaya ba ya kama su. In aka ba da wannan maganin shi kaɗai, sai ya share sauran, ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa.

An ga haka tun 1948 a Birtaniya, a gwajin allurar maganin tarin fuka mai suna streptomycin. Majiyyata 107 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 55 suka samu allurar da hutu a gado, 52 hutun kawai. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Murna ba ta daɗe ba, don da aka duba kakin waɗanda aka yi wa allurar, a mafi yawansu ƙwayar ta riga ta daina jin maganin. Daga nan likitoci suka koma haɗa magunguna. Shi ya sa har yau ake fara wata biyu da guda huɗu, isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol, sannan wata huɗu da biyun farko. Idan ƙwayar ta bijire wa waɗannan biyun a tare, ita ce ake kira MDR-TB.

Ga inda kuskuren ke cutarwa. Da zarar an ce jiki ne ya saba, sai a ɗora wa majiyyaci laifi, a ce ya yi wasa da magani. Gaskiya ne yanke magani na haifar da bijirewa, amma mutane da yawa tun farko mai bijirewar suka shaƙa daga tarin wani, ba su taɓa haɗiyar ƙwayar magani ko ɗaya ba. Wanda kuma ya gudu daga tsohon tsarin maganin MDR-TB, na wata 18 zuwa 20 da allurar da ke iya kurmantar da mutum, ni dai ba na saurin zarginsa.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin BPaLM, wato bedaquiline, pretomanid, linezolid da moxifloxacin, na sha kawai, wata shida. A gwajin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi a Uzbekistan, Belarus da Afirka ta Kudu, kashi 89 cikin 100 sun samu kyakkyawan sakamako, tsohon tsarin kuwa kashi 52. Sai dai tuni aka fara samun ƙwayar da ke bijire wa bedaquiline ɗin ma.