Wuni Ɗaya a Tsibirin Skye: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na dawo daga Skye abokai suke ta aiko min da tambayoyi, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Birtaniya. Ga amsoshin waɗanda aka fi maimaitawa.

Ina Skye yake, kuma ta ina ake zuwa?

Tsibiri ne a arewa maso yammacin Sikotlan. Mutanensa kusan dubu goma ne, babban garinsa Portree. Tun 1995 akwai gada daga Kyle of Lochalsh, wani ƙauye da ke ƙetaren ruwa a ɓangaren Sikotlan, kuma an daina karɓar kuɗin ƙetare ta a 2004. Daga Inverness zuwa Portree kusan awa uku ne a mota, daga Gilasgo kuwa a ware awa biyar zuwa shida. Mai son jirgin ruwa sai ya hau a Mallaig ya sauka Armadale. A kwana a tsibirin, don gari ya waye maka a can.

Wuni ɗaya zai isa?

Zai isa ka ga yanki ɗaya da kyau. Taswira tana yaudarar baƙo: ka ga wurare kusa da juna, amma hanyoyi da yawa faɗin mota ɗaya ne, sai ɗan wurin ratsewa jefi-jefi inda za ka tsaya mai zuwa ya wuce. Ga tumaki kwance a kan kwalta. Na ga masu son haɗa fadar Dunvegan da hasumiyar Neist Point da tafkunan Glenbrittle duk a rana guda, suka ƙare wunin a cikin mota. Taura biyu ba ta taunuwa. Ni dai shawarata a ɗauki Trotternish, yankin da ke arewa da Portree, a ba shi wunin gaba ɗaya.

Me ke Trotternish ɗin?

A fara da sassafe da dutsen da suke kira Tsohon Storr, wani tsini mai tsawon kusan mita 50, tsaye shi kaɗai kamar taɓaryar da aka kafa a ƙasa. Daga inda ake ajiye motoci zuwa gindinsa da dawowa wajen kilomita huɗu ne, amma hawa ne sosai, a ware awa biyu. Ranar da na hau, ina dab da isa hazo ya sauko ya haɗiye shi, ban iya ganin abin da ya wuce taku goma ba. Na zauna a kan wani dutse, sanyi yana ratsa wandona, ba na jin komai sai iska da kukan tunkiya can ƙasa. Bayan kamar minti ashirin hazon ya yage, sai ga dutsen a kaina, baƙi wuluk, yana ɗigar ruwa, teku kuma tana ƙyalli a bayana. Waɗanda suka juya da wuri ba su ga wannan ba.

Abin da ya siffanta wurin zaizayewa ce. Narkakken dutsen aman wuta ya daskare a kan wani dutse mai laushi, nauyi ya yi wa na ƙasan yawa, sai ɓangarori manya-manya suka riƙa zamewa wajen teku. A Quiraing, wasu tuddai da ke arewa da Storr inda za ka nufa da rana, har yanzu ƙasar tana motsi, shi ya sa ake yawan gyara hanyar da ke ƙarƙashinsa. Zagayen Quiraing kusan kilomita bakwai ne, ta wata siririyar hanya a gefen gangare. Tsakanin wuraren biyu a tsaya a Kilt Rock, wani dogon dutse a bakin teku, a ga ruwan Mealt yana zuba kai tsaye cikin teku. Idan aka dace ruwan teku ya ja baya, a gaɓar An Corran kusa da Staffin akwai sawun dinaso, wata dabbar zamanin da da ta ɓace daga duniya, a kan dutse, mai yatsu uku, na sama da shekara miliyan 160.

Wane irin kaya zan sa?

Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Ko a watan Yuli sanyi ne irin na hunturunmu, ga ruwa da iska. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta. A nemi rigar ruwa mai hula, da takalmin hawa mai kama ƙasa, a sa riguna marasa nauyi biyu ko uku a kan juna yadda za a iya cire ɗaya in gumi ya karyo. A guji wandon jins, in ya jiƙe ba ya bushewa. A saka safa ta biyu a jaka.

Akwai kuma wasu ƙwari da suke kira mij, ba su kai sauro girma ba, suna zuwa ne tuli guda daga Yuni zuwa Agusta, musamman da safe da yamma in iska ta kwanta. Suna shiga gashi da kunne. Man korar ƙwari da ragar rufe fuska suna taimakawa. Da dare a duba jiki saboda kaska.

Zan iya hawa duwatsun Cuillin?

Su ne manyan tsaunukan tsibirin. In ba ka saba ba, kada ka je sai da ɗan jagora. Mafi tsayinsu, Sgùrr Alasdair, mita 992 ne, kuma ba tsayin ne abin tsoro ba. Tsinin duwatsun siriri ne, wasu wuraren sai da igiya, kuma dutsen yana rikita kamfas. In an shiga matsala a kan tsauni a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana son masu ceto na tsaunuka. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, don haka a gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

Me ya sa ƙasa mai faɗi haka babu mutane?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni. A 1841 mutanen Skye sun haura dubu ashirin. Yunwa ta zo bayan cutar dankali, masu ƙasa kuma suka ga tumaki sun fi talakawa riba, suka riƙa tashin ƙauyuka, da yawa suka ƙare a Kanada da Ostireliya. A 1882 manoman Braes, wani yanki kusa da Portree, maza da mata, suka tare 'yan sandan da aka kawo daga Gilasgo saboda rikicin makiyaya, kuma wannan gwagwarmayar tana cikin abin da ya haifar da dokar 1886 da ta ba ƙananan manoma haƙƙin zama a gonakinsu. In ka ga tarin duwatsu mai kusurwa huɗu a cikin ciyawa, sau da yawa kufai ne, gidan wani ne. Harshensu na Galik bai mutu ba, yana kan allunan hanya, kuma akwai kwalejin Sabhal Mòr Ostaig da ke koyarwa da shi.

Salla da abinci fa?

A Yuni rana tana kai wa kusan awa 18 a sama, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, kuma jan sararin ba ya gushewa sosai, don haka a tambayi malami kan lokacin Isha da Asuba kafin a tashi. A Disamba hasken bai cika awa bakwai ba, a sauko daga dutse kafin uku da rabi. Kifi da dankali ana samunsu a Portree, amma a kan hanya shaguna ba su da yawa, a riƙe guzuri da shayi a fulas. Ni na yi alwala da ruwan wani ɗan rafi a ƙasan Quiraing, yatsuna suka ƙage don sanyi, na shimfiɗa rigar ruwata a kan ciyawa na haɗa Azahar da La'asar.