Ba Kowane Haki Ba Ne Asma

Da mutum ya ce numfashi na yi masa wuya, sai a ce asma ce, har a miƙo masa abin shaƙar wani. Alhali sau da yawa huhun lafiyarsa ƙalau.

Ƙarancin jini kan jawo haka. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar iskar oksijin. In suka yi kaɗan, hawa bene ɗaya ma sai an tsaya ana haki. Fargaba kuwa takan sa numfashi sama-sama, yatsu su riƙa yi kamar ana soka musu allura. Ƙiba da juna biyu ma suna ciki.

Amma in hakin ya zo farat ɗaya tare da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa nan take.