Kishin Ƙasa a Rayuwar Iyali da Bukukuwa a Karkarar Kano da Jigawa

Kishin ƙasa shi ne ƙaunar da mutum yake yi wa ƙasar da aka haife shi, haɗe da jin cewa mutuncinta nasa ne, abin kunyarta kuma ya shafe shi. A karkarar Kano da Jigawa, inda mafi yawan jama'a Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya, tare da Mangawa da Badawa a wasu sassan Jigawa, wannan kishi hawa-hawa yake zuwa. Yaro yana fara sanin gidansu da sunan kakan da ake kiran gidan da shi, sannan garinsu da dagacinsa, sannan masarautar da garin yake ƙarƙashinta, kafin makaranta da rediyo da tafiye-tafiye su sanar da shi jiharsa da Najeriya. Saboda haka duk wanda ya auna kishin mutanen karkara da yawan tutocin da aka kafa ranar 1 ga Oktoba zai yi musu gurguwar fahimta, domin a tarbiyyar gida da aikin gayya da hawan salla ne abin ya fi fitowa fili.

Tushen tarihi

Kafin zuwan Turawa, biyayyar talaka tana tafiya ne daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, galibin sarakunan yankin kuma suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya wadda jihadin 1804 ya kafa. Labaran da dattawa suke bai wa jikoki game da kare ƙasa sun fi komawa ga ƙarshen wannan zamani. A farkon 1903 rundunar Turawan Ingila ta fasa garin Bebeji a kan hanyarta ta zuwa Kano, birnin ya faɗi a watan Fabrairu, daga baya aka kama Sarki Alu aka kai shi Lakwaja inda ya rasu. Haɗeja ta ƙi miƙa wuya har zuwa 1906, lokacin da aka kashe Sarki Muhammadu tare da jarumansa da yawa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada, kuma Haɗejawa suna ambaton wannan rana da alfahari a gidajensu.

Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya ta samu ne da haɗewar Arewa da Kudu a 1914, ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Siyasar neman 'yanci ce ta fara kai zancen ƙasa cikin ƙauyuka, musamman bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta koya wa talaka cewa yana da haƙƙi a kan masu mulki kamar yadda suke da haƙƙi a kansa. Wannan fahimta ta yi jijiya a yankin ƙwarai, kuma ta ƙara ƙarfi lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta soke haraji da jangali. An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, aka yanki Jigawa daga cikinta ranar 27 ga Agusta 1991. A yau Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 27 da masarautu biyar: Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim.

A cikin gida

Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da iyalansu suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, shi ne wuri na farko da yaro yake koyon fifita abin jama'a a kan nasa. Ko da yake tsarin gandu ya yi rauni saboda rabon gado da yawan fita ci-rani, tarbiyyarsa tana nan. Ana hana yaro aikata abin da zai sa a zagi gidansu, in ya girma ya fita kuma sai a ƙara masa da cewa kada ya ja wa garinsu abin faɗa. Uwa da kaka su ne jigon wannan koyarwa, ta hanyar tatsuniya da labarin zuriya da kirarin gari, kamar "Kano ta Dabo tumbin giwa" da "Dutse Gadawur" da "Jigawa tarin Allah". Karin maganar da aka fi jefa wa ɗan da ya daɗe a Legas ko Fatakwal bai leƙo ba ita ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi".

Daga gida abin yake fita zuwa aikin gayya. Matasan gari sukan haɗu su yashe rijiya, su gyara maƙabarta, su cike zaizayar da ta yanke hanyar kasuwa, ko su nome gonar wanda ciwo ya kwantar, ba tare da an biya kowa ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda 'yan garin mazauna birane suke tara wa kuɗi, sun gina azuzuwa da masallatai da ɗakunan shan magani a wurare da yawa. Wannan shi ne kishin ƙasa mafi inganci a karkara, domin ana ganin amfaninsa da ido, kuma ya kamata a riƙa lissafa shi a duk inda ake zancen hidimar ƙasa.

Addini ma yana da babban matsayi. Maganar nan da ta yaɗu cewa son ƙasa yana daga cikin imani, malaman hadisi sun bayyana cewa ba ta inganta daga Manzon Allah (SAW) ba, amma sukan kafa hujja da ƙaunar da ya nuna wa Makka lokacin da zai yi hijira. A huɗubar Juma'a da ta Idi, da addu'ar da ake yi bayan raɗin suna ko ɗaurin aure, da wuya a tashi ba a roƙa wa ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka da shugabanni nagari ba. Ga mutum mai shekaru wanda bai shiga makarantar boko ba, wannan addu'a ita ce hanyar da ya fi bayyana damuwarsa da halin da Najeriya take ciki.

Sunaye ma suna ɗauke da wannan ƙauna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ranar 13 ga Fabrairu 1976, iyaye da yawa sun raɗa wa 'ya'yansu sunansa, kamar yadda wasu suka yi wa Malam Aminu takwara. A gidajen da suka ba da soja, tun daga waɗanda suka je yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, akan adana hoton tsohon da lambobinsa, labarinsa kuma ya zama gadon gida.

Makaranta da kuɗi da rediyo

Alamomin ƙasa na hukuma sun shiga ƙauye ne ta makarantar firamare, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. A taron safe yara suna tsayawa gaban tuta mai launin kore da fari da kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, su rera taken ƙasa, su karanta alkawarin biyayya. An sauya taken a 1978, sannan a watan Mayu 2024 aka dawo da na 1960, abin da ya sa a wasu gidaje kakan da ya yi firamare a zamanin Sardauna ya fi ɗansa sanin abin da jikansa yake rerawa. Babbar matsalar ita ce da Turanci ake yin su duka, yara da yawa suna haddacewa ba su san ma'anar ba, alhali malami zai iya bayyana musu ita da Hausa cikin darasi ɗaya. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya kawo matasan Kudu makarantun karkara, kuma a ƙauyuka da dama ta hanyarsu ne yara suka fara zama da Bayarabe ko Ibo.

Takardar naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, ita ce hoton ƙasa da ya fi shiga hannun kowa. Tafawa Ɓalewa yana kan naira biyar, Murtala yana kan ashirin, Sardauna Ahmadu Bello yana kan ɗari biyu, manyan takardun kuma suna ɗauke da adadinsu da rubutun ajami, wanda almajirin tsangaya yake iya karantawa. Rediyo kuwa, daga na Kaduna da na Kano har zuwa sassan Hausa na gidajen rediyon waje, ya mayar da majalisar dattawa ta ƙofar gida wurin tattauna kasafin kuɗi da zaɓe. Matasa suna da nasu dandalin a gidan kallon ƙwallo, inda nasarar Najeriya a gasar Olamfik ta 1996 da kofin Afirka na 2013 suka haɗa mutanen da siyasa ta raba.

Salla

Babu lokacin da kishin gari da na masarauta suke bayyana kamar Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Kwanaki kafin Idi tashoshin mota suke cika da 'yan ci-rani da ma'aikata da ɗalibai masu komawa gida, domin yin salla a wani gari ba tare da uzuri ba abu ne da dangi suke ƙorafi a kai. Bayan an sauko daga Idi akan raka dagaci ko hakimi gida, a yi gaisuwa, shi kuma ya yi jawabi a kan zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, da sa yara makaranta, da rigakafi, da duk saƙon da ya zo daga sarki ko gwamnati. A cikin gidaje ana rarraba tuwon salla ga maƙwabta, yara suna yawon barka da salla, a Babbar Salla kuma ana raba naman layya har ga baƙin da suke zaune a garin.

Hawan da ake gani a birni, karkara ce take ciyar da shi. Kowane hakimi yana shigowa da dagatansa da mahayansa da makaɗansa daga gundumarsa, kuma iyalai sukan shafe makonni suna kiwon doki da gyaran sirdi da linzami da ɗinkin riguna, saboda kyan tawaga mutuncin gari ne. A Kano akwai Hawan Daushe, inda ake yin jafi a ƙofar fada, da Hawan Nassarawa, inda sarki yake kai wa gwamna ziyara. A Dutse irin wannan ziyara ita ake kira Hawan Bariki. Wannan haɗuwa ta sarki da gwamna tana da muhimmanci, domin a nan ne talaka yake ganin tsohuwar hukuma da sabuwa a wuri ɗaya, ya kuma ji sarki yana isar da koken jama'a. An taɓa ɗaukar wannan al'ada a matsayin fuskar ƙasa baki ɗaya, kamar hawan dabar da aka yi a Kaduna a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila da kuma na bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a 1977, sannan a watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. A watan Maulidi kuma akwai Takutaha a Kano da Sallar Gani a Gumel da Haɗeja, waɗanda su ma suke jawo 'yan gari gida.

Ranakun gwamnati

Ranar 1 ga Oktoba tana faɗowa ne a tsakiyar kaka, ana girbin gero ana cirar gyaɗa, don haka manomi ba ya barin gona saboda ita. Bikinta ya fi zama na 'yan makaranta da ma'aikata, da fareti a hedikwatar ƙaramar hukuma a shekarun da aka shirya shi, sai jawabin shugaban ƙasa da ake sauraron fassararsa a rediyo. Haka abin yake ga ranar yara ta 27 ga Mayu, da ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu, da ranar dimokuraɗiyya wadda aka mayar 12 ga Yuni daga 29 ga Mayu.

Abin da yake ƙarfafa shi da abin da yake raunana shi

Mutanen karkara suna danganta ƙaunar hukuma da aikin da suka gani. Har yanzu ana yi wa Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko, addu'a a Kura da Bunkure da Garun Malam, saboda madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamaninsa ita ce ta ba su noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. A ɗaya ɓangaren, ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a yankin Haɗeja da Ringim, da tsadar taki, da tashin farashi bayan cire tallafin man fetur a 2023, sun sa iyaye da yawa suna shan wahalar amsa wa 'ya'yansu idan suka tambayi abin da ƙasa ta yi musu. Irin wannan ƙorafi bai kamata a ɗauke shi rashin kishi ba, domin gadon siyasar NEPU ne, wadda ta ɗauki neman haƙƙi a matsayin aikin ɗan ƙasa.

A garuruwan bakin iyaka lamarin yana da wata fuska. Kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, tana haɗa fataken dabbobi na Najeriya da na Nijar, kuma gidaje da yawa a yankin Gumel da Ɓaɓura suna da surukai da kakanni a ƙasar Damagaram. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, ciniki ya ragu, ziyarar biki da ta ta'aziyya ta yi wuya, har zuwa buɗe iyakar a watan Maris 2024. Mutanen wannan yanki suna riƙe da katin zaɓen Najeriya, suna tura 'ya'yansu aikin soja da na ɗan sanda da na kwastan, kuma a lokacin salla suna tsallakawa su gaida 'yan uwansu na Nijar kamar yadda iyayensu suka saba.