Asusun Mutum Ɗaya Ko Na Kasuwanci: Abin Da Dokar Amurka Ta Tanada Ga Mai Aikin Ƙashin Kansa

Maganganu biyu ne ke ta yawo a tsakanin masu aikin ƙashin kansu da ke karɓar kuɗi daga Amurka, kuma kowace na ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko cewa take duk wanda ya zaɓi asusun kasuwanci a PayPal ko a banki, to ya kai kansa gaban hukumar haraji ta IRS da ƙafarsa, gara ya laɓe a asusun mutum ɗaya inda babu mai ganinsa. Ta biyu kuma cewa take karɓar ladan aiki a asusun mutum ɗaya laifi ne, sai ka yi rajistar kamfani kafin ka taɓa ko dala ɗaya. Na ga waɗanda suka rufe asusunsu saboda ta farko, na kuma ga waɗanda suka zuba kuɗi suka buɗe kamfanin da ba su da bukatarsa saboda ta biyu. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Maganar ta shafi duk wanda ake biya a kan aikin da ya yi, ba albashin wata ba: direban da ke ɗaukar fasinja ta manhaja, mai fassara, mai zane, mai rubuta manhajar kwamfuta, mai gyaran gida.

A dokar harajin Amurka, ranar da ka fara karɓar ladan aiki da sunanka, ranar ka zama mai sana'a. Ba sai ka cika wata takarda a gwamnatin tarayya ba. Kai da sana'arka mutum ɗaya ne a idon doka: ribarta taka ce, bashinta naka ne. Saboda haka wannan maɓallin da manhaja ke nuna maka ka zaɓa, na asusun mutum ɗaya ko na kasuwanci, ba ya ƙara maka matsayi, ba ya kuma rage maka. Ko wanne ka danna, mazaunin Amurka da ya samu ribar dala 400 ko fiye a shekara daga aikin kansa wajibi ne ya cika takardar haraji, ya bayyana samu da kashewa a shafin Schedule C. A kan ribar akwai harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, wato 12.4 na asusun fanshon gwamnati da 2.9 na inshorar lafiya ta Medicare, kafin a zo ga harajin samu na kowa da kowa. Ma'aikacin albashi rabi yake biya, kamfaninsa ya biya rabin. Mai aikin kansa shi ke ɗaukar duka biyun, kuma a ganina wannan nauyi ne da ba a faye faɗa wa mutane ba kafin su shiga.

Tsoron da ke sa mutane gudun asusun kasuwanci ya samo asali ne daga takardar 1099-K, wadda manhajojin biyan kuɗi ke aika wa IRS su gaya mata nawa ya shigo maka. A da, sai kuɗin sun haura dala 20,000 kuma mu'amala ta wuce 200 a shekara ake aika ta. A 2021 majalisa ta sauke ƙa'idar zuwa dala 600, hankalin jama'a ya tashi. IRS ta yi ta ɗage aiwatarwa, ta yi amfani da dala 5,000 a shekarar 2024, sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da ƙa'idar inda take tun farko. Har yau wasu na yaɗa maganar dala 600 kamar ba a soke ta ba. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne, wannan takarda rahoto ce kawai. Ba ita ke haifar da haraji ba, kuma rashin zuwanta ba ya kankare shi. Ƙari a kan haka, ana duba irin kuɗin da suka shigo ne, na sayen kaya da biyan aiki, ko da a asusun mutum ɗaya suka sauka. Wanda ya laɓe a can bai tsira daga komai ba.

Inda mutane ke faɗawa rami da gaske shi ne fom ɗin W-9, wanda mai ba ka aiki zai sa ka cika kafin ya biya ka. Layin farko sunanka na gaskiya ake so, kamar yadda yake a takardar harajinka. Layi na biyu shi ne na sunan sana'a, in kana da shi. Da yawa sukan juya, su sa sunan sana'ar a sama don suna ganin ya fi kwarjini, sannan su rubuta lambarsu ta SSN, wato lambar shaidar mutum da gwamnatin Amurka ke bayarwa, a ƙasa. To IRS tana haɗa suna da lamba ne, in ba su dace ba sai ta sanar da mai biyanka, shi kuma ya turo maka gargaɗi. In ba ka gyara ba, doka ta tilasta masa ya riƙa cire kashi 24 cikin ɗari na duk abin da zai biya ka ya miƙa wa hukuma. Aikin dala 1,000 sai ka ga 760. Kuɗin ba su salwanta ba, za a lissafa maka su idan ka cika takardar harajin shekara, amma wanda ke jiran ladan nan don biyan kuɗin haya ya san zafin jiran watanni.

Ruɗanin ya fi yawa ga wanda ya yi rajistar kamfanin LLC shi kaɗai, wato irin kamfanin da ke raba dukiyar mai shi da bashin sana'ar. Zai ɗauka tunda yanzu yana da kamfani, to akwatin kamfani zai yi wa alama a fom ɗin W-9. Alhali IRS ba ta kallon LLC mai mamallaki ɗaya a matsayin wani mai biyan haraji na daban, sai in mai shi ya nemi hakan a rubuce. Don haka har yanzu sunan mutumin ne a layin farko, akwatin mutum ɗaya zai zaɓa, kuma lambarsa zai sa, ba lambar kamfanin ba. Wanda ba ya son raba lambar SSN ga kowane mai ba shi aiki yana iya neman lambar EIN, wato lambar haraji ta masu sana'a, da sunansa. Kyauta IRS ke bayar da ita, kuma samunta bai mayar da kai kamfani ba.

Akwai kuma ƙa'idojin manhajojin kansu, waɗanda yarjejeniya ce tsakaninka da su, ba dokar ƙasa ba. PayPal tana barin mai sana'a shi kaɗai ya buɗe asusun kasuwanci da sunansa, ba tare da kamfani ba. Abin da ta hana shi ne ka ce wa mai biyanka ya turo ladan aiki ta hanyar da aka ware wa 'yan'uwa da abokai don kauce wa kuɗin caji. Wanda aka kama yana haka ana iya taƙaita asusunsa, kuma yarjejeniyar ta ba ta damar riƙe kuɗi har kwana 180. Bankuna da dama ma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa asusun mutum ɗaya ba na harkar kasuwanci ba ne. Sai dai kada a ɗauka asusun kasuwanci alheri ne zalla. Dokar 1978 da ke kare mutane idan an sace musu kuɗi ta hanyar lantarki asusun amfanin kai da na iyali kawai ta shafa, ba ta kai ga asusun kasuwanci ba. Wanda ya koma can ya karanta yarjejeniyar bankinsa da kyau, don a can ne kariyarsa take.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu yi wa kamfanonin Amurka aiki daga wata ƙasa. Su ba W-9 za su cika ba. Mutum ɗaya W-8BEN ne nasa, shafi guda, yana shaida cewa shi ba Ba'amurke ba ne. W-8BEN-E na kamfanoni ne, shafuka ne masu yawa, kuma wanda ba shi da kamfani mai rajista ba shi da hurumi a cikinsa. A ƙa'idar Amurka, ladan aiki yana bin inda aka yi aikin ne, don haka wanda ya yi aikinsa a wajen Amurka ladansa ba samun Amurka ba ne, harajin ƙasar da yake zaune ne a kansa. Duk da haka ana ta tallata musu cewa su buɗe LLC a jihar Wyoming ko Delaware don su samu asusun kasuwanci. Abin da masu tallan ba su cika faɗa ba shi ne, tun daga 2017, LLC na baƙo mai mamallaki ɗaya dole ne ya aika fom mai lamba 5472 a duk shekarar da kuɗi suka gilma tsakaninsa da mai shi, ko da kuɗin da aka zuba wajen kafa shi ne, ko da ba a bin sa ko sisi na haraji. Tarar rashin aikawa dala 25,000 ce.

Wannan tara an tsara ta ne da manyan kamfanonin ƙetare a zuciya, amma a rubuce ba ta bambanta su da mai fassarar da bai tara rabin wannan kuɗi a shekara ba. Ban ga adalci a nan ba, kuma ina ganin alhakin ya fi rataya a wuyan masu sayar da rajistar da ke karɓar kuɗin mutane su yi shiru a kan wannan.

LLC yana da ranarsa: idan aikinka na iya jawo ƙara a kotu, ko kana da abokin tarayya, ko ka fara ɗaukar ma'aikata. A nan asusun kasuwanci ya zama dole a aikace, don in ka cuɗanya kuɗin gida da na kamfani kotu na iya ɗage katangar da ke kare dukiyarka. Yana kuma da tsadarsa, a Kalifoniya dala 800 ce mafi ƙaranci duk shekara ko an ci riba ko ba a ci ba. Wanda bai kai nan ba, ya ware wa ladan aikinsa asusu guda don lissafi ya yi masa sauƙi, ya tabbata sunan da ke kan asusun da na fom ɗin haraji da lambar da ya bayar duk na mutum ɗaya ne, sannan ya duba sharuɗɗan bankin ko manhajar ya ga wane irin asusu suka yarda a karɓi ladan aiki da shi.