Fushin Adalci a Addinin Kirista

Fushin adalci shi ne fushin da ke taso wa mai bi idan ya ga an yi zalunci ko an wulaƙanta sunan Allah. Tauhidin Kirista ya bambanta shi da fushin son kai, wanda tushensa girman kai ne ko neman ramuwa. Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Afisawa 4:26 a Littafi Mai Tsarki, inda manzo Bulus ya yarda mutum ya yi fushi, amma ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada fushin ya kai ga zunubi, kada kuma rana ta faɗi yana nan.

Markus 3:5 ya ambaci fushin Yesu kai tsaye. A majami'a ne ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa da aka hana aiki, ga mai shanyayyen hannu, ga kuma masu jira su ga ko zai warkar da shi su samu abin ƙara. Ya dube su da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, sannan ya ce wa mutumin ya miƙa hannunsa. Fushin ya ƙare a warkarwa. Korar da Yesu ya yi wa 'yan canji da masu sayar da dabbobi daga Haikali ta zo a Linjila huɗu duka, sai dai Yahaya 2:15 ne kaɗai ya ambaci bulalar igiya.

Nehemiya sura 5 ta fi kowane wuri nuna yadda ake sarrafa irin wannan fushi. A Urushalima, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, talakawa suna jinginar da gonaki da gidaje don su samu hatsi su kuma biya harajin sarki, har wasu 'ya'yansu sun faɗa bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya, gwamnan ƙasar, ya husata ƙwarai, amma bai yi magana nan take ba. Sai da ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya tsauta wa manya da shugabanni ido da ido, ya kira babban taro, ya nemi a mayar da gonaki da gidaje da ribar da aka karɓa a ranar, ya kuma rantsar da su a gaban firistoci. Shi kansa ya yi shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da aka ware wa gwamna ba, abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi.

Malaman ikkilisiya ba su zama baki ɗaya ba. John Cassian, ɗan zuhudu na ƙarni na 5, ya ga cewa bai kamata a yi fushi da kowa ba sai da zunubin kai. Thomas Aquinas (1225–1274) kuwa ya ce fushin da ya bi hankali abin yabo ne, rashinsa ma a inda ya dace laifi ne. Gargaɗin Cassian yana da tushe, domin kusan duk mai fushi yana ganin nasa na adalci ne.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Wani lokaci dalilin ne gurɓatacce: Yunusa ya yi fushi don Allah ya ji tausayin birnin Nineba. Wani lokaci dalilin daidai ne amma an wuce gona da iri, kamar Musa da ya bugi dutse sau biyu a Meriba (Littafin Ƙidaya 20), aka hana shi shiga ƙasar alkawari. Yakubu da Yahaya, almajiran Yesu, sun so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsauta musu (Luka 9:54-55). Fushin da ya kwana kuwa yakan rikiɗe ya zama gaba, shi ya sa Romawa 12:19 ta bar ramuwa a hannun Allah.

Idan ɗan'uwa ne ya yi laifin, Matiyu 18:15-17 ya tsara hanya: a same shi a keɓe tukuna, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya sake ƙi a kai maganar gaban ikkilisiya.